Likita Jekyll da Kafintan Edinbara

Tun da na gama littafin Robert Louis Stevenson na Likita Jekyll da Mista Hyde, wanda ya fito a 1886, nake neman inda ya samo wannan mutum.

Sai na tarar da shi a Edinbara, garin da aka haifi marubucin a 1850. Can aka yi wani kafinta, William Brodie, ɗan majalisar gari, mai mutunci da rana. Da dare kuwa sai ya fasa gidajen da ya gyara wa makullai, don biyan bashin caca. An rataye shi a 1788.

Ni dai Jekyll ya fi ba ni tausayi. Brodie ɓarawo ne kawai. Shi kuwa likita, sha'awarsa ba ta taka kara ta karya ba, amma ba ya iya jure a ga aibinsa ko ɗaya. Ya yi ta ɓoyo, har ya haɗa maganin da zai raba shi gida biyu. Da tsoro ya kama shi, ya danne Hyde wata biyu cur. Daren da ya sake shi, sai da ya kashe dattijo Carew da sanda a titin Landan.