Haƙƙoƙin wanda ake tuhuma da laifi: Daga caji ofis zuwa Kotun Ƙoli

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, zaman jiran shari'a suke yi. A idon doka ba masu laifi ba ne, domin Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa duk wanda ake tuhuma ana ɗaukar sa marar laifi har sai kotu ta tabbatar da laifin a kansa. Doka ta shimfiɗa masa kariya a kowane mataki, tun daga ranar kamu har zuwa Kotun Ƙoli. Sai dai akasarin wannan kariya tana tafiya ne da wa'adi, kuma wanda bai san wa'adin ba yakan yi asarar haƙƙinsa yana ji yana gani.

Dokokin da ake aiki da su

Bayan Kundin Tsarin Mulki, babbar dokar da ke tsara tafiyar shari'ar laifuka ita ce Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA a taƙaice. Tana aiki ne a kotunan tarayya da na Abuja, jihohi kuma suka yi nasu dokokin a kan tsarinta, kamar yadda Kaduna ta yi a 2017, Kano kuma a 2019. Akan sami ɗan bambanci daga jiha zuwa jiha, amma ginshiƙin ɗaya ne.

A hannun 'yan sanda

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya bai wa wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa. Wajibi ne a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, a harshen da yake ji. Haka kuma dole a gurfanar da shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko cikin kwana biyu idan babu, sai fa in kotu ta ga dalilin ƙarin lokaci. Wannan wa'adi bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana iya zuwa Babbar Kotu neman a sake shi, a biya shi diyya, a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a.

Akwai tanade-tanade biyu da suka fi shafar 'yan kasuwa. Na farko, dokar ACJA da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun hana a kama wani a madadin wanda ake nema. Ba a kama mata saboda mijinta ya gudu, ba a kama yaron shago saboda maigidansa ya ɓuya. Na biyu, sun hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, domin wannan shari'a ce tsakanin mutum da mutum. Lamarin yana zama laifi ne idan akwai zamba cikin aminci, ko cin amana, ko bayar da cakin bogi, wanda dokar 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara biyu ba tare da zaɓin tara ba.

Bayanin da mutum ya rubuta a caji ofis shi ne yakan ɗaure shi a kotu. Saboda haka doka ta ba shi damar yin bayanin a gaban lauyansa ko wani amintacce nasa, ta kuma tanadi a naɗi bidiyon amsa laifi. Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar tursasawa, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da wanda ke hannunsa. Amma lokacin da ya dace a ƙalubalanci irin wannan takarda shi ne sa'ad da mai gabatar da ƙara ya miƙa ta ga kotu. A nan alƙali yake dakatawa ya binciki yadda aka same ta. Idan aka yi shiru har ta shiga cikin hujjoji, cire ta daga baya yana da wuya.

Beli da tsarewa

Belin 'yan sanda kyauta ne. A kotu kuma, beli shi ne asali a ƙananan laifuka. A laifin da ɗaurinsa ya haura shekara uku ma ana bayarwa, sai dai idan akwai dalilin fargabar cewa mutum zai gudu, ko ya razana shaidu, ko ya lalata hujja, ko ya sake aikata wani laifin. Laifin da hukuncinsa kisa ne kuwa, alƙalin Babbar Kotu ne kaɗai ke iya bayar da belinsa, shi ma sai da dalili na musamman, kamar tsananin rashin lafiya ko jinkirin shari'a da ya wuce kima. Doka ta hana tsawwala sharuɗɗan beli, ta kuma fayyace cewa mace tana iya tsaya wa mutum.

Idan 'yan sanda suka nemi majistare ya ba su izinin ci gaba da tsare mutum kafin a kammala bincike, ACJA ta ƙayyade kwana 14 a karon farko, ana iya ƙara wasu 14. Bayan haka kotu za ta kira hukuma ta zo ta faɗi dalilin da zai hana a sake shi. A wannan mataki ne mutane da dama ke maƙalewa shekara da shekaru, saboda babu mai bibiyar ranar da wa'adin ya cika.

A gaban alƙali

Nauyin kawo hujja yana kan mai gabatar da ƙara, kuma sai hujjar ta kawar da duk wani shakku mai ma'ana. Idan shakku ya rage, wanda ake tuhuma ne ke cin moriyarsa. Sashe na 36 ya ba shi haƙƙin a karanta masa tuhuma dalla-dalla a harshen da yake fahimta, a ba shi isasshen lokacin shirya kariya, ya ɗauki lauyan da yake so, ya yi wa shaidun gwamnati tambayoyi, ya kuma kira nasa shaidun. Idan ba ya jin harshen kotu, za a ba shi tafinta kyauta. Ba a tilasta masa ba da shaida, ba a hukunta shi a kan abin da babu rubutacciyar dokar da ta haramta shi a lokacin da aka aikata, ba a kuma sake yi masa shari'a a kan laifin da kotu ta riga ta wanke shi ko ta hukunta shi a kai, sai da umarnin kotun da ke sama.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka kafa a 1976. A laifin kisa, tsayuwar lauya wajibi ce, kuma ko mutum ya amsa laifin da bakinsa, kotu za ta rubuta cewa bai amsa ba, ta buƙaci a kawo hujja. Domin rage jan ƙafa, ACJA ta tanadi a riƙa sauraron shari'a kullum. Inda hakan bai yiwu ba, kowane ɓangare ba zai nemi ɗage zama fiye da sau biyar ba.

Ɗaukaka ƙara

Hukuncin Kotun Majistare ana ɗaukaka shi zuwa Babbar Kotu, a yawancin jihohi cikin kwana 30. Daga Babbar Kotu sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, cikin kwana 90. Daga nan sai Kotun Ƙoli, cikin kwana 30, kuma hukuncinta shi ne na ƙarshe. Ana fara lissafi ne daga ranar da aka yanke hukunci. Wanda ya makara sai ya nemi ƙarin lokaci tare da gamsasshen dalili, kuma kotu tana da ikon ƙi. Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda aka yi wa shari'a damar karɓar kwafin hukuncin cikin kwana bakwai, kuma da shi lauya yake zaƙulo kurakuran da zai kafa ƙara a kansu.

Kotun sama ba ta sake kiran shaidu sai da wani dalili na musamman. Abin da aka rubuta a kotun ƙasa take dubawa, don haka batun da ba a tayar a can ba, da wuya a saurare shi a nan. Shigar da ƙara ba ya dakatar da zaman gidan yari, kuma beli a wannan mataki ya fi wuyar samu. Gwamnati ma tana da damar ɗaukaka ƙara idan an wanke wanda ta gurfanar.

Kotun sama tana iya wanke mutum baki ɗaya. Manjo Hamza Al-Mustapha, wanda aka tsare tun 1998, Babbar Kotun Legas ta yanke masa hukuncin kisa a Janairun 2012 kan kisan Kudirat Abiola, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallame shi ta wanke shi a Yulin 2013 saboda raunin hujja. Haka Amina Lawal, wadda kotun Musulunci ta Bakori ta yanke wa hukuncin jefewa a 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Katsina ta soke hukuncin a Satumbar 2003.

Tana iya rage hukunci, kamar yadda aka mayar da ɗaurin tsohon Gwamnan Filato Joshua Dariye daga shekara 14 zuwa 10 a 2018, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hakan a 2021. Tana kuma iya rushe shari'ar ta ce a sake sabuwa. A Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar da aka ɗaure tsohon Gwamnan Abiya Orji Uzor Kalu shekara 12, bisa ƙarar da Ude Udeogu, wanda aka gurfanar tare da shi, ya ɗaukaka. Dalili shi ne alƙalin ya riga ya sami ƙarin girma zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, don haka ba shi da hurumin komawa ya yanke hukunci a kotun ƙasa.

Hukuncin kisa ba a zartar da shi matuƙar ƙara tana gaban kotu. A 1981 gwamnatin Jihar Oyo ta zartar da kisa a kan Nasiru Bello alhali ƙararsa tana Kotun Ɗaukaka Ƙara. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce an tauye masa haƙƙi, ta umarci a biya iyalansa diyya.

Bayan hukuncin ƙarshe

Idan ƙofofin kotu suka ƙare, saura afuwa. Shugaban Ƙasa yana yin ta a laifukan tarayya bayan tuntuɓar Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, gwamna kuma a laifukan jiha. Ta wannan hanya aka yafe wa Dariye da tsohon Gwamnan Taraba Jolly Nyame a 2022. Dokar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 kuma ta ba Babban Jojin jiha damar mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai idan an shekara goma ba a zartar ba bayan ƙarewar ɗaukaka ƙara.

Afuwa alfarma ce da ba kowa ke samu ba, ɗaukaka ƙara kuwa haƙƙi ne na talaka da mai hali. Abin da ya kamata iyalan wanda aka kama su riƙe tun daga ranar farko shi ne ranar kamu, da lambar ƙara, da ranar cikar kowane umarnin tsarewa, da ranar hukunci, domin da waɗannan ranaku lauya yake lissafin wa'adin da ya rage wa mutuminsu.