Maɓalli, Fitila da Idon Direba

Daga shekarar 2026, hukumar Euro NCAP, wadda ke gwada kariyar sababbin motoci a Turai tana ba su taurari, ta gindaya sabon sharaɗi. Motar da ke neman cikakken maki sai ta tanadi maɓalli ko sanda da hannu zai iya kamawa don abubuwa biyar: sigina, fitilar gargaɗi, ham, waifa da kiran agajin gaggawa. Sharaɗin ba doka ba ne, amma babu kamfanin da ke son a sauke masa tauraro. Abin mamaki shi ne a ce sai an roƙi masu ƙera motoci su mayar da abin da kowace tsohuwar mota take da shi. Yadda aka zo nan labari ne na sama da shekara ɗari, kuma kusan dukkansa yana kewaya abu guda: idon direba, da inda ya kamata ya tsaya.

A farkon ƙarni na ashirin, wanda ya iya tuƙa mota ɗaya bai iya tuƙa ta kusa da ita ba. Ford Model T, wadda ta fito a 1908 aka kuma ƙera sama da miliyan 15, tana da matakai uku a ƙasa: na hagu na sauya giya, na tsakiya na ribas, na dama kuwa birki. Totur ɗinta wata ƴar sanda ce a jikin sitiyari. Wasu kamfanonin kuma sun sa totur a tsakanin kuloci da birki. Duk wanda ya sauya mota, ƙafarsa na iya taka totur a lokacin da take neman birki. A 1916 Cadillac ta fitar da mota mai tsarin da aka sani yau, kuloci a hagu, birki a tsakiya, totur a dama, sandar giya a tsakiyar mota. Ƙaramar motar Ingila, Austin 7, ta ɗauki wannan tsari a 1922, kuma da aka riƙa ƙera ta da lasisi a Jamus da Faransa da Amurka, sai ya bazu. Amfaninsa shi ne kowa ya bi shi. Ƙafa ta haddace wurin birki, ido ya samu sukunin kallon hanya.

Bayanin kimiyya na wannan al'amari daga jirgin sama ya fito. A lokacin yaƙin duniya na biyu, matuƙan jiragen yaƙin Amurka samfurin B-17 sun yi ta janye tayoyin jirgi bayan sauka, jirgin ya kwanta da ciki a kan titi, ana rubuta cewa kuskuren matuƙi ne. A 1943 wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya lura cewa makunnin tayoyi da na fiffiken rage gudu kamanninsu ɗaya, kuma suna dab da juna. Sai aka maƙala wa na tayoyi wata ƴar taya ta roba, ɗayan kuma aka ba shi siffar fiffike. Hannu ya bambance su ba tare da ido ya duba ba, wannan nau'in haɗari kuma ya ragu ƙwarai. Darasin shi ne, kuskuren da mutane da yawa ke maimaitawa a wuri ɗaya, a teburin mai zane aka haife shi.

Masu motoci sun daɗe kafin su karɓi wannan darasi. A 1958 Ford ta sa maɓallan sauya giya na motarta Edsel a tsakiyar sitiyari, daidai inda hannu ya saba neman ham. A wasu motocin General Motors masu giya mai sauya kanta, ribas na ƙarshen layi, kusa da ƙaramar giyar gaba, ta yadda ɗan zamewar hannu kan tura mota baya. Lauya Ralph Nader ya soki wannan tsari a littafinsa Unsafe at Any Speed na 1965. A 1966 majalisar Amurka ta yi dokar kiyaye lafiyar motoci, kuma ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun wajabta a sa firi tsakanin ribas da giyar gaba, tare da tsara yadda za a yi wa makunnai alama a kuma haskaka su. Jerin P, R, N, D da direbobi suka sani a yau ya samu gindin zama ne ta wannan hanya.

Fitila tana da nata tarihin, kuma matsalarta ta fi wuyar warwarewa, domin fitila ɗaya ce ke hulɗa da idanun mutum biyu: wanda ke bayanta da wanda ke fuskantarta. Motocin farko da fitilar mai ko ta iskar kabaid suke tafiya, sai an fito an kunna da ashana. A 1912 Cadillac ta haɗa fitilar lantarki da sitata a tsari ɗaya. Da haske ya ƙaru, sai kashe ido ya zama abin kuka. Dabarar farko ta sunkuyar da fitila, a 1915, sai direba ya sauka daga mota yake yin ta. A 1924 aka samu ƙwan fitila mai zare biyu, na dogon haske da na gajere, wanda ya sa dim ya zama aikin ƙiftawar ido.

Daga nan Amurka da Turai suka raba hanya. A 1940 Amurka ta wajabta fitila iri ɗaya ga kowace mota, zagayayya mai inci bakwai, rufaffiya gaba ɗaya. Wannan ya sa kowane shago na da ita, amma ya daskarar da ci gaba, har sai 1983 da aka halatta fitila mai ƙwan da ake cirewa. Turai kuwa ta fara amfani da halojin tun 1962. BMW ta kawo fitilar zenon a 1991, fitilun LED suka shigo wajen 2007, kuma a 2013 Audi ta fitar da fitilar da ke kashe ɓangaren haskenta daidai inda motar da ke tahowa take, ta bar sauran hanya a haske. Amurka ba ta halatta irin wannan fitila ba sai a Fabrairun 2022.

Ƙarin haske bai zama ƙarin gani kai tsaye ba. Da cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta fara gwada fitilu a 2016, cikin motoci 31 da ta duba ɗaya ce kawai ta samu sakamako mai kyau. A ɗaya ɓangaren kuma koke ya yi yawa. Hasken LED fari ne mai sirkin shuɗi, wanda ido ya fi jin zafinsa. Motoci sun ƙara tsayi, fitilar jif tana kallon fuskar mai ƙaramar mota kai tsaye. Ga kuma ƙwan LED da ake saya a kasuwa a cusa a gidan fitilar da aka zana don halojin, hasken ya watsu ko'ina ba tare da iyakar da ke kare idon mai tahowa ba.

Akwai wurin da fitila da allo suka haɗu suka haifi sabuwar matsala. A da, duhun dashbod ne ke tuna wa direba cewa bai kunna fitila ba. Da dashbod ya koma allo mai haske dare da rana, ga kuma fitilar rana tana ci a gaba, sai mutane suka riƙa tafiya da dare bayan motarsu a duhu ba su sani ba. Kanada ta magance wannan da doka daga Satumban 2021: ko dai fitilun baya su kama tare da na rana, ko fitilu su kunna kansu, ko kuma dashbod ya zauna a duhu har sai an kunna fitila.

Allon taɓawa a mota ya girmi wayar zamani. Buick ta sa shi a Riviera ta 1986, direbobi suka yi ƙorafin yana ɗauke musu ido, aka cire shi cikin ƴan shekaru. Ya dawo da ƙarfi bayan iPhone ta 2007, musamman da Tesla ta fitar da Model S a 2012 da allo mai inci 17. Dokar Amurka da ta wajabta kyamarar ribas daga Mayun 2018 ta sa kowace sabuwar mota ta zo da allo. Tunda allo ya riga ya shiga, zana maɓalli a kansa ya fi arha a kan ƙera na gaske da wayoyinsa. Amma gilashi sumul ba shi da gefen da yatsa zai lalubo. Duk abin da aka mayar kansa, an karɓe shi daga hannu an ɗora wa ido. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kimanin mita 55 a sakan biyu.

A 2022 mujallar motoci ta Siwidin, Vi Bilägare, ta gwada wannan a fili. Direbobi na gudun kilomita 110 a awa suna yin ayyuka huɗu irin su sauya tashar rediyo da daidaita ɗumin mota. A tsohuwar Volvo V70 ta 2005, mai maɓallai zalla, an gama cikin sakan 10, a tafiyar mita 306. A sabuwar motar da ta fi ɓata lokaci, sai da aka kai kusan sakan 45, mota ta ci sama da kilomita ɗaya da mita ɗari uku. Tun kafin nan, a 2020, wata kotu a Karlsruhe ta Jamus ta tabbatar da tara da dakatar da lasisin wata guda ga direban Tesla da ya sauka daga hanya yana ƙoƙarin daidaita gudun waifa a kan allo cikin ruwan sama.

Sandar giya ma ba ta tsira ba. Fiat Chrysler ta yi wata sandar lantarki da ke komawa tsakiya duk inda aka tura ta, ta yadda hannu ba zai gane ko mota na fakin ba. A Afrilun 2016 kamfanin ya kira motoci kimanin miliyan 1.1 don gyara. A Yunin wannan shekara, kafin gyaran ya kai gare shi, ɗan wasan fim Anton Yelchin, mai shekara 27, ya rasu a Los Angeles bayan da motarsa Jeep Grand Cherokee ta gangaro ta matse shi a ƙofar gidansa.

Yanzu an fara ja da baya. Volkswagen, wadda ta fitar da Golf ta 2019 da madaidaitan ƙarar sauti da na ɗumi na shafawa waɗanda ko haske ba su da shi da dare, ta sanar a 2022 cewa za ta mayar da maɓallai na gaske kan sitiyari, daga baya kuma ta yi alkawarin haka ga ƙarar sauti da fanka da fitilar gargaɗi.

Sai dai mota kan yi shekara ashirin ko fiye tana aiki. Waɗanda aka ƙera a tsakiyar yayin allo ba za su ɓace don an sauya ma'auni ba. Kamar sauran motocin hannu na Turai da Amurka, da yawansu za su sauka a Kwatano da Legas su nufo Kano da Maraɗi, inda zafin rana ke kashe allo, hanyoyi da dama kuma ba su da fitilun titi. Mai sayen irinsu yana da gwajin da bai buƙatar injiniya: ya zauna a kujerar direba, ya rufe ido, ya nemi sigina da waifa da ham da fitilar gargaɗi. Abin da hannunsa ya kasa samu a tsaye, da idonsa zai biya kuɗinsa a kan hanya.