Tarihin Kayan Ƙira a Ƙasar Ɗandume da Wajabcin Tsaronsu

Ɗandume tana yamma da Funtuwa, a kan hanyar Birnin Gwari, cikin ƙasar nan ta kudancin Katsina da Allah ya albarkace ta da dawa da masara da auduga. Duk ƙasar da ta ke ta noma ce, to, ta maƙera ce, gama ba a kafce ba garma, ba a girbi ba magirbi. Sabo da haka wanda ya ke son tarihin arzikin wannan yanki, sai ya fara daga bakin maƙera.

Aikin ƙarfe tsohon abu ne a ƙasashen nan. A Taruga, ta wajen Abuja, wani Bature mai suna Bernard Fagg ya tono wuraren narkar da tama waɗanda suka haura shekara 2,000. A Kano kuwa, tarihi ya nuna Abagayawa maƙera ne suka zauna gindin Dala don neman tama, masu bincike kuma sun sami alamun narka a nan tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Haka aka tono irinsu a Samaru ta Zariya, maƙwabciyarmu ta kudu.

A zamanin da, sai a haƙo tama, a ƙona gawayin ƙirya, a gina tanderu na yumɓu, a jera gawayi da tama a ciki, a ba shi wuta har ƙarfe ya rabu da kashinsa. Da wannan ƙarfe maƙeri ya kan ƙera wa talakawa hauya da gatari da lauje, ya ƙera wa sarakuna mashi da linzami da kaimi. Da shi kuma ya kan ƙera nasa kayan aiki, watau uwar maƙera, da masaba, da awartaki, da madoshi, da magagari. Zugazugi kaɗai ne na fatar akuya. Maƙeran baƙi ke nan, ban da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. Suna da Sarkin Maƙera, suna da kiɗansu na dundufa.

Turawa suka ci Katsina a 1903. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan sai ƙarfen Turai ya yawaita: tsofaffin ƙarafan reluwe, da na ɗaurin dilolin auduga, daga baya kuma da na motoci. Maƙeri ya ga abin da ya kan sha wahalar kwanaki a daji kafin ya samu, ga shi a kasuwa da araha. Ƙira ba ta mutu ba, amma narkar tama ta mutu, masananta suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

To, abin da ya rage na shaida shi ne kayan da aka ƙera da ƙarfen tama, su kuwa yanzu 'yan gwangwan na saye bisa sikeli, a kai su kamfani a narke. Masabar da ta wuce hannun kaka da uba da jika sai a sayar da ita kuɗin ƙwaryar hatsi.

Mai neman irin waɗannan kaya ya lura da abu uku. Na fari, ganewa: ƙarfen tama, in ya tsufa, ya kan nuna zane-zane kamar jijiyar itace, sabo da ragowar kashin tama da ke cikinsa. Na biyu, gyara: kada a kai shi ga dutsen wāshi ko injin gurza, gama sawun masaba da ke jikinsa shi ne rubutun maƙerin. A goge tsatsa a hankali, a busar da shi, a shafa masa ɗan mai ko kakin zuma, a ajiye inda ba laima. Zugazugi a tsare shi daga gara da asu. In an sāke ƙota, a adana tsohuwar. Na uku, wanda ya fi duka, rubutu: sunan abin, da wanda ya ƙera shi, da gidan da ya fito, da inda aka haƙo tamarsa. Ƙarfen da ba a san asalinsa ba, ko yana cikin gidan tarihi, bebe ne.

Uwar maƙera kuwa gado ce, ba a raba ta da zuriyarta da ƙarfin iko. A rubuta labarinta, a bar ta inda ta ke. Wanda ya ba da nasa da yardar ransa, akwai gidan adana kayan tarihi a tsohuwar Kwalejin Katsina, da Gidan Makama a Kano.

Ma'aikatan En'e na da sun iya ƙidayar shanu don jangali ruga-ruga. Ba zai gagari magadansu, hakimai da dagatai da malamansu, su ƙidaya maƙerun ƙasarsu ba, su zauna gaban dattawan da suka rage tun suna iya ba da labari. Hausawa sun ce da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Allah ya jiƙan magabata, ya ba na baya ikon riƙon amana, amin.