Sheffield FC: Uwar Ƙungiyoyi da Ta Ƙi Biyan 'Yan Wasa

A ranar 24 ga Oktoba 1857 wasu mutum biyu a birnin Sheffield na Ingila, Nathaniel Creswick, lauya, da William Prest, ɗan kasuwa, suka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa da a yau ake ɗauka mafi tsufa a duniya. Sun riga hukumar ƙwallon Ingila kafuwa da shekara shida. Tunda babu abokan karawa, sai su raba kansu gida biyu, masu aure su kara da gwauraye. A 1858 suka rubuta dokokinsu, kuma daga Sheffield ne bugun kusurwa ya shiga dokokin Ingila a 1872. Da maƙwabciyarsu Hallam ta kafu a 1860, suka kara a filin Sandygate, wanda har gobe ake wasa a cikinsa.

To me ya sa ƙungiya mai wannan asali take fafatawa a ƙananan gasanni, a wani ɗan fili a garin Dronfield, wajen birnin da ta ɗauki sunansa? Amsar tana cikin shekarar 1885, lokacin da hukumar ƙwallon Ingila ta halatta biyan 'yan wasa. Sheffield FC ta ƙi. Ƙannenta na gari ɗaya, Wednesday da aka kafa a 1867 da United ta 1889, suka rungumi biya, suka kwashe gwanaye da 'yan kallo, suka bar babbar yaya da tarihi.

Masu kare ta kan ce wannan mutunci ne, wai ta fifita son wasa a kan kuɗi. Maganar tana da daɗin ji, amma a duba su wane ne suka yanke shawarar. Masu hali ne, waɗanda wasan yammacin Asabar bai taɓa rage musu abin cefane ba. Sheffield kuwa garin ƙarfe ne, garin maƙera wuƙaƙe da ma'aikatan masana'anta. Leburan da ya bar aiki ya yi tafiya don wasa, ko ya karye a fili, ladansa na ranar ya tafi ke nan. Dokar hana biya ba ta tsarkake ƙwallo ba, ƙofa ta rufe wa talaka. Wanda ya ƙoshi ne ke cewa abinci ba komai ba ne.

Wasu kuma za su kawo kofin 'yan wasan sa-kai na Ingila da ta ci a 1904, da lambar girmamawar da FIFA ta ba ta a 2004 tare da Real Madrid, da wasan cikarta shekara 150 da Inter Milan a 2007, wanda Pele ya halarta. Duk gaskiya ne. Sai dai kofin na 1904 gasa ce da aka ware wa waɗanda ba sa biya, sauran kuma girmama tsufa ne, ba ladan bajinta a fili ba. Hujja mafi ƙarfi ita ce ƙungiyar da kanta ta sauka daga matsayinta: yau tana cikin masu ba 'yan wasa ɗan alawus, su je aikinsu da rana su zo atisaye da yamma. Abin da ta ƙi a 1885 shi take yi yanzu, bayan kasuwa ta watse.