Antigon, Ismen da Eridis: mata uku a wasan da maza suka tsara

Shekarun baya na karanta wasan Antigon tare da ɗalibaina na lise. Da muka kai ƙarshe sai wani yaro ya ce ai yarinyar nan fitsararriya ce, ta tsaya tana musayar yawu da kawunta a gaban dattawa. Ƴan matan ajin ba wadda ta ce uffan. Bayan an tashi ɗaya ta biyo ni ƙofa ta ce, "Mushe, to da gawar yayanta za a bari karnuka su ci?" Tun ranar nake son in rubuta wa malamai da uwaye tarihin wasan nan, don sai an san garin da aka yi shi ake gane matan da ke cikinsa.

Sofokil, mutumin birnin Atina na ƙasar Girka, shi ya rubuta shi wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya yi wasanni fiye da 120, amma 7 kaɗai suka iso mana a cike. Ana nuna su ne a fili, lokacin bikin shekara na abin bautarsu Diyonisos, a gindin tudun Akropolis. Ƴan wasa uku ne ke raba manyan rawa, dukansu maza, suna sauya fuskar aro. Mawaƙan da ke amshi su ma maza ne. Ke nan Antigon ta farko namiji ne ya fito a siffarta, namiji ya sa mata magana a baki, kuma alƙalan gasar maza ne.

Matar Atina ta wancan zamani ba ta da ƙuri'a, ba ta magana a majalisar gari. Daga haihuwa har mutuwa tana hannun waliyyi: uba, miji ko ɗa. Akan aurar da ita tana da shekara 14 ko 15. Doka ta hana ta ƙulla cinikin da ya wuce kuɗin ma'auni ɗaya na sha'ir, wajen lita 52. Masanin tarihi Tusidid ya ruwaito cewa Periklis, jagoran birnin, ya faɗa wa matan da mazansu suka mutu a yaƙi cewa darajar mace ita ce kada maza su riƙa ambatonta, ko da alheri ko da sharri. Sai dai akwai aikin da aka bar wa mata: gawa. Su ke wanke ta, su shafa mata mai, su yi mata kuka. Ko wannan ma, dokokin Solon sun rage musu shi tun sama da shekara 100 kafin Sofokil.

Da wannan a zuciya sai a dubi labarin. Ƴaƴan Edip maza biyu, Eteyokil da Polinis, sun kashe juna kan sarautar birnin Teb. Kawunsu Kireyon ya hau gado, ya sa aka yi wa na farko sutura, ya hana a binne na biyu don ya kawo wa garinsu yaƙi. Antigon ta je ta watsa wa gawar ƙasa. Ba sarauta ta nema ba, ba gado ba. Aikin da al'adar garinsu ta ɗora wa ɗiya mace shi ta yi, sarki ne ya shigo gonar da ba tasa ba. Mu da muka san cewa suturta mamaci farilla ce a kan al'umma, ba ma bukatar dogon bayani kafin mu ji nauyin abin.

Ismen, ƴar uwarta, ta ƙi bin ta. Hujjarta ita ce su mata ne, ba su da ƙarfin ja da maza masu mulki. Sau da yawa nakan ji ana koya wa yara cewa Ismen matsoraciya ce. Ban yarda ba. Ta rasa uwa da uba da ƴan uwa maza biyu, ƴar uwa ɗaya ta rage mata. Kuma da aka kama Antigon, Ismen ta fito ta ce a kashe su tare, Antigon ce ta ƙi, har da baƙar magana. Sofokil bai wanke jarumar tasa tas ba: tana da gaskiya, tana kuma da taurin kai da kaushin harshe.

Abin lura shi ne abin da ya fi ƙona ran Kireyon. Sau da dama yana komawa kan magana ɗaya, cewa ba zai yarda a ce mace ta rinjaye shi ba. Da ɗansa Hemon, wanda aka yi wa baiko da Antigon, ya gaya masa mutanen gari suna tausaya mata a ɓoye, sai ya zage shi da cewa ya zama bawan mace. Daga nan maganar ta bar tsaron ƙasa ta koma girman kan mai mulki. Ya sa aka rufe ta da rai a kogon dutse da ɗan abinci. Sai da makahon boka Tireziyas ya tsorata shi sannan ya sauko, amma ihu bayan hari ne: ta rataye kanta, Hemon ya bi ta.

Mace ta uku ita ake yawan mantawa. Eridis, matar Kireyon, ta fito sau ɗaya tak, maganarta ba ta kai layi goma ba. Ta saurari labarin mutuwar ɗanta, ta juya ta shiga gida ba ta ce kome ba. Dattawan suka tsargu da shirun nan, kuma tsarguwarsu ta yi daidai: ta kashe kanta tana la'antar mijinta. Ita ce matar da Periklis yake yabo, wadda ba a jin muryarta. Wasan ya nuna cewa shirunta ba yarda ba ce. Wadda ta yi magana ta mutu, wadda ta yi shiru ma ta mutu, Ismen kuwa wasan ya manta da ita tun kafin ƙarshe.

Daga baya kowane zamani ya ɗauki abin da yake so. A watan Fabrairu na 1944 Jean Anouilh ya nuna tasa Antigon a Paris, sojojin Jamus na mamaye da birnin. Nelson Mandela ya fito a matsayin Kireyon lokacin da fursunonin tsibirin Robben suka yi wasan. Femi Osofisan na Najeriya ya mai da labarin ƙasar Yarabawa ta zamanin mulkin mallaka a wasansa Tegonni. Galibi an mai da Antigon alamar bijire wa zalunci, kuma ta cancanta. Amma idan muka tsaya nan kaɗai, sai mu sake binne Ismen da Eridis.

Shawarata ga ƴan uwana malamai ita ce a karantar da matan uku tare. A gaya wa yara a fili cewa kisan kai a wasan nan asara ce da aka nuna don a ji tsoronta, ba jarumta ba ce ta koyi, kuma addininmu ya haramta shi. Sannan a tambaye su: sau nawa Kireyon ya samu damar saurare ya ƙi? Su ƙirga da kansu, daga Antigon zuwa Ismen, zuwa Hemon, zuwa dattawa.

Uwaye kuma, ba ina cewa a koya wa ɗiya tsaurin ido ba ne. Ladabi abu ne mai kyau. Amma idan ana maganar aurenta ko cire ta daga lakwal ta sunkuyar da kai ta yi shiru, a sa uwa ko gwaggo ta ja ta ɗaki ta ji ta bakinta. Ɗalibar da ta biyo ni ƙofa tana da tambayar da ta fi ta kowa a ajin, amma ba ta iya yin ta a gaban maza ba. A shekarar da ta biyo baya, ƴan mata na fara bai wa magana kafin samari su ɗaga hannu.