Zongon Tafo: yadda ake rage haɗari a gidan tsohon da ke zaman kansa

Tafo tana arewacin birnin Kumasi na ƙasar Gana, a kan hanyar Mampong, kuma tun 2018 ta samu majalisar gunduma tata ta kanta. Akasarin gidajen Zongonta na haya ne masu tsakar gida ɗaya: ɗakuna a jere, makewayi da wurin wanka can ƙarshen gida. A irin waɗannan ɗakuna ake samun dattawan da 'ya'yansu suka tafi neman kuɗi Accra, Turai ko ƙasashen Larabawa. Suna da maƙwabta da rana, amma da dare su kaɗai ne.

Babban abin da ke barazana gare su shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki.

A gidan Zongo, wurin da ya fi hatsari shi ne 'yar tafiyar da ke tsakanin gado da makewayi. Tsoho kan yi ta sau biyu ko uku a dare, sannan ya sake yi don alwalar asuba, da buta a hannu, ido da sauran barci. Akwai dokin ƙofa, akwai kwatar da ta ratsa tsakar gida, ga gansakuka da ke kama siminti a damina, wadda a Kumasi sau biyu take zuwa a shekara. In an ɗauke wuta, abin da mutanen Gana ke kira dumsor, duk wannan a duhu ake ketare shi. Shi ya sa fitila mai caji da ke kunna kanta in wuta ta tafi, da tocila a gefen matashi, suka fi kowane gyara sauƙin kuɗi da saurin amfani. A kankare gansakuka, a rufe kwata, a shafa farin fenti a bakin matakala. Wanda dare ke yi wa wuya, ajiye fo mai murfi a ɗaki ba abin kunya ba ne.

Wani lokaci gyaran da 'ya'ya ke aiko da kuɗinsa ne ke ƙara matsalar. Tayil mai sheƙi yana burge baƙo, amma da ruwan alwala ya taɓa shi sai ya zama tarko. Simintin da aka bari da ɗan kaushi ya fi shi. Kuɗin tayil ɗin zai isa maƙeri ya kafa ƙarfen riƙewa a bangon makewayi, a kuma sayi kujerar wanka mai tsayin gwiwa, domin tashi daga tsugune ne ke kayar da mai ciwon gwiwa ko mai jiri. Ƙarfen sai an dasa shi cikin bulo. Wanda aka liƙa sama-sama ya fi babu haɗari. Mai haya kuwa sai ya nemi yardar mai gida tukuna.

Kurfoti ma abin lura ne. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa, don haka a waje ake girki, tukunyar gas ma a waje.

Sai maganar ƙofa. Sakatar ciki kan hana a kai ɗauki, shi ya sa ya kamata maƙwabci amintacce ya riƙe makulli, a kuma saba da leƙa Alhaji ko Hajiya in ba a ji motsinsu ba bayan asuba. Waya ta kwana inda hannu zai kai ko daga ƙasa. Lambar gaggawa a Gana 112 ce.

In tsoho ya faɗi ya kasa tsayuwa, ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, alamar karayar ƙugu ce. Kada a ja shi a tayar, kada a fara da mai ɗori. Asibitin gwamnati na Tafo na kusa, manyan karaya kuma asibitin koyarwa na Komfo Anokye ake turawa. 'Yan shekara 70 zuwa sama ba sa biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya ta NHIS, amma katin kan ƙare, sai an sabunta shi kafin ranar buƙata.