Tayar Tseren Dirag a Kan Titin Gari: Yadda Tayar Bayas Ta Bar Hanya Ta Maƙale a Filin Tsere

Idan kana yawan kallon bidiyon motoci a TikTok ko YouTube, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da wannan ba: motoci biyu a jere a bakin layi, fitila ta koma koriya, sai a rage gudun bidiyon ka ga gefen tayar baya ya yamutse kamar rigar da ba ta ga guga ba, motar kuma ta ɗaga gaba ta fice kamar an harba ta. Wannan wasan shi ake kira tseren dirag a Amurka, irin tayar nan mai yamutsewa kuma sunanta bayas. A can akwai masu sayen irinta su ɗaura wa motar da suke zuwa aiki da ita kullum, saboda tana cika ido, tana kuma damƙe kwalta in an taka totur. Wasu daga cikin tayoyin har tambarin DOT gare su, irin wanda ke jikin tayar kowace mota mai hawa titi a Amurka. To shin tambarin ya isa a ce ka ɗauki iyali da ita ka kama hanya? Sai ka san tarihin tayar sannan za ka gane amsar.

Taya dai ba roba ce zalla ba. Da za ka yanka ta, za ka tarar da shimfiɗu na zare a ciki, su ne ƙashinta, su ke riƙe iska da nauyin mota. Da farko da auduga ake yin zaren, daga baya aka koma rayon, sannan nailan da foliyesta. A tayar bayas ana shimfiɗa zaren a karkace, kamar digiri 30 zuwa 40 daga tsakiyar taya, shimfiɗa ɗaya ta kwanta dama, ta samanta ta kwanta hagu, suna gittawa kamar saƙar tabarma. Saboda haka gefen taya da fuskarta mai taka ƙasa abu ɗaya ne, in gefe ya motsa fuska ma sai ta motsa. Har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, kusan duk motar da ke duniya irin wannan tayar take takawa.

A 1946 kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistar wata sabuwar dabara, aikin wani ma'aikacinsa mai suna Marius Mignol. Maimakon a karkace, sai aka miƙar da zaren daga baki zuwa baki, digiri 90 da inda taya ke mirginawa, aka kuma ɗaura ɗamarar wayar ƙarfe a ƙarƙashin fuskar. Ita ce radiyal. Gefe ya yi aikinsa na lanƙwasa, fuska ta zauna daram a ƙasa. Zaren bayas kuwa duk juyi ɗaya sai ya goga da ɗan'uwansa kamar almakashi, gugar nan ta haifar da zafi, zafi ya ci roba ya kuma ci mai. Radiyal ba ta da wannan matsalar sosai, shi ya sa ta fi daɗewa nesa ba kusa ba, ta fi riƙe kwana, ta fi sauƙin shan mai. A 1949 ta shiga kasuwa da sunan Michelin X, Turai kuma ta karɓe ta sannu a hankali.

Amurka ce ta yi taurin kai. Manyan kamfanonin taya na garin Akron a jihar Ohio, su Goodyear da Firestone da Goodrich da General, sun zuba maƙudan kuɗi a injunan yin bayas, komawa radiyal na nufin sake masana'anta gaba ɗaya. Ga shi kuma tayar da ta daɗe ba ta mutu ba, ai ciniki take ragewa. Masu ƙera motoci a Detroit su ma ba su so, don sai sun sake tsarin ƙafar mota kafin ta dace da sabuwar tayar. Sai aka yi rabi da rabi: a 1967 Goodyear ya fito da Polyglas, bayas ce amma an ɗaura mata ɗamara. Ta yi kasuwa na ɗan lokaci. Amma a 1966 shagunan Sears sun riga sun fara sayar da radiyal ɗin Michelin, a 1968 mujallar Consumer Reports ta gwada ta bayyana cewa radiyal ta fi, motar Continental Mark III ta 1970 kuma ta fito daga kamfani da radiyal a ƙafarta. Da rikicin man fetur na 1973 ya zo, farashi ya tashi, jama'a suka fara lissafin kowace lita, magana ta ƙare. Firestone ya yi gaggawar shiga, tayarsa mai suna 500 ta riƙa ɓarewa a kan hanya, a 1978 aka tilasta masa janye kusan miliyan 14.5. Kafin tsakiyar shekarun 1980 sababbin motocin Amurka duk radiyal suke takawa. Jinkirin nan ya yi musu tsada: Continental na Jamus ya saye General a 1987, Bridgestone na Japan ya saye Firestone a 1988, Michelin ya haɗiye Uniroyal Goodrich a 1990.

To ka ga titi ya yi watsi da bayas. Ɗaya daga cikin wuraren da aka ƙi sakinta a duniyar ƙananan motoci shi ne filin dirag, kuma abin da titi ya tsana a jikinta shi ne abin da suke so.

Tseren ya samo asali ne daga samarin Kalifoniya masu gyara tsofaffin motoci suna gwada su a titi da dare. A 1950 aka fara shirya shi a hukumance a filin jirgin sama na Santa Ana, a 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a kwashe yaran daga titi. Nisan tseren rubu'in mil ne, wato mita 402, a miƙe sak, babu kwana ko ɗaya. (Tun 2008, bayan mutuwar direba Scott Kalitta, manyan motocin da ake kira Top Fuel da Funny Car mita 305 kawai suke yi.) A irin wannan tsere komai yana ga daƙiƙar farko. In taya ta yi ta juyi a banza tana hayaƙi, ka sha kaye tun kafin ka tashi.

'Yan tseren farko tsohuwar taya suke ɗauka a liƙa mata sabuwar roba mai faɗi marar zane ko ɗaya, sanƙo ke nan, don duk fuskar ta taɓa ƙasa. Ita ake kira silik. A ƙarshen shekarun 1950 wani ɗan ƙaramin kamfani a jihar Massachusetts, M&H, na Marvin Rifchin da mahaifinsa Harry, ya fara ƙera silik tun daga tushe. Goodyear ya shigo a tsakiyar shekarun 1960, gasa tsakanin su biyun ta kai ga taya mai siririn gefe wadda ake rage wa iska sosai. Motarka tana son iska psi 30 zuwa 35 (kodayake fakanaizanmu na bakin titi in ba ka tsaya a kansa ba sai ya ɗura 50), tayar Top Fuel kuwa ko 10 ba ta kaiwa. Da direba ya saki mota, wili ya riga fuskar taya juyawa, gefe ya murɗe ya yamutse, ya shanye bugun injin kamar robar danƙo da aka ja, fuskar ta baje a ƙasa, sannan ta sake ƙarfin a hankali. Da gudu ya ƙaru kuma tayar ta miƙe ta ƙara tsayi ta rage faɗi, sai ta zama tamkar an ƙara giya. Radiyal mai ɗamarar ƙarfe ba ta iya wannan girman. Akwai ƙarin wani abu da direbobi ke so: in bayas ta ɗan zame tana iya sake kamawa, radiyal kuwa in ta saki galibi sai ka ɗaga ƙafa daga totur.

Amma ka lura da duniyar da aka gina tayar dominta. Kwalta a share take, an fesa mata wani sinadari mai danƙo har takalmi na maƙalewa. Kafin tashi direba na juya taya a cikin ɗan ruwa ya ƙona ta da gangan don robar ta yi zafi ta yi laushi. In hadari ya sauko, tsere ya tsaya, ba a dirag a jiƙaƙƙen fili. Tayar Top Fuel kuma tsere kaɗan take yi a jefar da ita.

Ta yaya irin wannan taya ta samu hanyar dawowa titi? Ta ƙofar dokokin tsere. A shekarun 1960 akwai rukunin motocin da doka ta ce dole su yi tsere da taya mai zane irin ta titi. Sai masu taya suka ɗauki silik suka tsaga mata layi biyu sirara, suka ce ga zane nan. 'Yan tsere da kansu suka raɗa mata suna da ke nufin silik ɗin maguɗi. A 1966 Amurka ta kafa dokar kiyaye lafiyar motoci da ma'aikatar sufuri, wato DOT, daga nan tambarin ya samo asali. Da gasar "motar titi mafi gudu" ta yi tashe a shekarun 1990, sharaɗin shiga shi ne tayarka ta kasance da wannan tambari. Kamfanoni irin su Mickey Thompson da Hoosier da M&H suka cika kasuwa da bayas mai laushin roba, mai ɗan zane marar zurfi, mai DOT a gefe.

Nan ne mutane ke ruɗewa. Tambarin DOT kamfani ne ke buga shi da kansa, yana shaida cewa tayar ta cika mafi ƙarancin sharuɗɗa na ƙarfi da juriya da rubutun da ya kamata a gani a jikinta. Ba shaida ba ce cewa an gwada ta a ruwan sama an ga tana tsayawa. Hoosier ma a gargaɗinsa ya faɗa ƙarara cewa tayoyinsa na tsere masu DOT ba don hawa babban titi aka yi su ba. Wanda ya yi abu ya ce kar ka hau, kai kuma ka ce ka fi shi sani?

Ruwa ne babban makashi. Zanen taya magudana ce, aikinsa korar ruwa daga ƙarƙashin fuska. Sabuwar tayar gida tana zuwa da zurfin zane kamar milimita 8, doka a ƙasashe da yawa ta ce in ya sauka zuwa 1.6 ta mutu. Tayar dirag tun tana sabuwa zanenta bai kai na tayar gida ba, layukan kaɗan ne, ga faɗi, robar kuma da wuri take cinyewa. Da ta haɗu da kwantaccen ruwa sai ta hau samansa, bayan motar ya nemi wuce gaba, burki da sitiyari su zama ado. Ko a busasshen titi ma siririn gefen nan yana sa bayan mota lilo kamar kwalekwale, musamman a kwana ko in ka kauce wa wani abu kwatsam, tayar kuma tana bin duk wata tsaga da ke jikin kwalta. Abin ya fi muni idan gaba radiyal ne baya bayas, wanda shi ne abin da yawancin masu yin haka ke yi: gaba ya amsa sitiyari nan take, baya ya makara. A Birtaniya wannan haɗin laifi ne a doka. Sai zafi. Doguwar tafiya da ƙarancin iska tana dafa zaren ciki, in ka cika iskar kuma tsakiyar fuska ce kaɗai ke taka ƙasa, ta cinye, damƙar da ka sayi tayar dominta ta tafi. Duk zafi da sanyin da ta sha yana ƙara taurara robar, wata biyu kana zirga-zirga, ranar da ka je fili ka tarar da katako ka ɗauro. Da yawansu tib ake sa musu saboda iska na tsiyaya ta gefe, ƙusa ɗaya kuma tib ya sace gaba ɗaya lokaci guda.

Kasuwa ta nemo tsaka-tsaki a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da BFGoodrich ya fito da radiyal ta dirag: roba mai laushi a kan ƙashin radiyal. Ta fi natsuwa a titi, amma ita ma ba ƙawar damina ba ce. In kana son ganin yadda gwanayen ke yi, nemi bidiyon Drag Week da mujallar Hot Rod ta fara a 2005. Kwana biyar ana tsere a filaye daban-daban, kuma dole kowace mota ta tuƙa kanta daga wannan fili zuwa wancan, jimilla wajen mil 1,000. Za ka ga motoci masu shegen ƙarfi suna jan 'yar tirela a baya, da yawansu tayoyin tsere ne a ciki. Su isa fili su kwance na titi su ɗaura na tsere, su gama su mayar.

Yanzu leƙa gefen tayarka. In ka ga rubutu kamar 205/55R16, harafin R na nufin radiyal. In ka ga ɗan layi ko harafin D a gurbinsa, kamar 26x10.50-15, bayas ce. B kuma bayas mai ɗamara. Ba ta ɓace ba a wajenmu ma: tayar Keke Napep mai 4.00-8 bayas ce, haka yawancin tayoyin babura da taraktoci, saboda arha da jure wa mummunar hanya a gudu kaɗan. Siririyar safaya da ke zuwa a but ɗin wasu motoci, mai rubutu irin T125/70D16, ita ma bayas ce, kuma an rubuta a jikinta kar ka wuce kilomita 80 a awa. In tayar tokumbo za ka saya, duba harafin nan kafin ka haɗa ta da sauran, sannan ka bi rubutun da ya fara da DOT zuwa lambobi huɗu na ƙarshe: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019.